Tsarabar Zanzibar: Yini Guda Tsakanin Teku Da Kasuwa

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, a Tudun Wada, Zariya.



Kwamitin shirya taro ya ɗora mini nauyin in ba da bayani a kan tafiyar da wasu daga cikinmu suka yi zuwa Zanzibar bara. Kamar yadda aka sani, adashin wata goma sha takwas muka yi kafin tafiyar ta yiwu, kuma mu 22 ne Allah ya nufa da zuwa, maza 14 da mata 8, har da malamanmu biyu da ƙungiya ta ɗauki nauyinsu. Kwana shida muka yi, amma a kan yini guda kurum zan yi magana, wato ranar da muka shiga teku da safe muka shiga kasuwa da yamma. Dalilin da ya sa na zaɓi wannan rana kuwa shi ne, a cikinta ne muka tsinto wata magana wadda ta shafi yaran makarantar nan, kuma a ƙarshen jawabina ina da roƙo da zan gabatar wa wannan taro a kanta.

Da farko bari in sauke haƙƙin malaminmu na labarin ƙasa, ga shi nan zaune yana kallona. Zanzibar tsibirai ne a cikin Tekun Indiya, daura da gaɓar gabashin Afirka, manya daga cikinsu su ne Unguja da Pemba. A wajen 1840 Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya mayar da fadarsa can, garin ya zama babbar cibiyar fatauci tsakanin Afirka da ƙasashen Larabawa da Indiya. Daga baya Turawan Ingila suka karɓi ragama, suka ba da mulkin kai a watan Disamba na 1963. A watan Janairu na 1964 aka yi juyin juya hali aka kawar da sarautar, sa'an nan a ranar 26 ga Afrilu na wannan shekara Zanzibar ta haɗe da Tanganyika aka sami ƙasar Tanzaniya. Akasarin mutanen tsibiran Musulmi ne, harshensu Suwahili, agogonsu kuma yana gaban namu da sa'a biyu.

Ga wanda ke da niyyar zuwa, daga Kano muka tashi, muka yada zango a Addis Ababa, kana muka sauka a filin jirgin sama na Abeid Amani Karume. Sai da katin allurar rigakafin shawara aka bar mu muka shiga. Bugu da ƙari, tun daga watan Oktoba na 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo ya sayi inshorarta ta dala 44. Akwai kuma wani abu da jagoranmu ya ja mana kunne a kai tun daren farko. Mutanen can daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'o'i, saboda haka ƙarfe bakwai na safe a wurinsu sa'a ta ɗaya ce. Idan mai jirgi ya ce a haɗu a sa'a ta biyu, to ƙarfe takwas yake nufi.

A sa'a ta biyun nan kuwa muka hallara a bakin teku, gaban tsohon garin da ake kira Mji Mkongwe, wanda Turawa ke ce wa Stone Town. Jirage biyu na katako masu inji da rumfar tamfol suna jiranmu. Kafin kowa ya taka jirgi, wani saurayi wanda bai fi sa'ar ɗana na uku ba ya ƙirga mu ɗaya bayan ɗaya, ya raba mu sha ɗaya sha ɗaya, ya miƙa wa kowa rigar kariya, irin mai ruwan lemo ɗin nan da ke hana mutum nutsewa. Wani babban Alhaji a cikinmu, wanda ba zan faɗi sunansa ba domin yana cikin zauren nan, ya ce shi ba zai ɗaura wannan abu a kan babbar rigarsa ba. Saurayin nan bai yi musu da shi ba. Ya dai zauna a kan injinsa ya naɗe hannu, ya ce ta bakin jagora, jirgi ba zai motsa ba sai kowa ya ɗaura. Malaminmu na kimiyya ya dubi Alhaji ya ce, "Kai, sa rigar nan mu tafi, ko sai na sa ka kama kunne a gaban iyalinka?" Alhaji ya ce, "Allah ya gafarta Malam, an sa." Aka yi dariya, aka tayar da inji. Ina roƙon ku riƙe wannan saurayi a zuciyarku, domin zan komo kansa.

Tafiyar kamar rabin sa'a ta kai mu wani ɗan tsibiri mai suna Changuu, wanda bai kai kilomita 6 daga gari ba. Baƙi sun fi saninsa da Tsibirin Kurkuku. A zamanin cinikin bayi, nan ake tsare bayin da suka ƙi miƙa wuya, kafin Sarki Bargash ya rufe kasuwar bayi ta Zanzibar a 1873. A 1893 wani Baturen Ingila mai suna Lloyd Mathews, wanda shi ne babban wazirin Sarki a lokacin, ya sa aka gina kurkuku a wurin, amma ba a taɓa ajiye fursuna a ciki ba. Maimakon haka sai aka mayar da shi wurin killace matafiyan da ake tsoron suna ɗauke da shawara. Ashe katin da aka tambaye mu a filin jirgi yana da tsohon tarihi. Daɗin daɗawa, a tsibirin akwai wasu manya-manyan kunkuru, asalinsu kyauta ce ta guda huɗu da Gwamnan Seshel ya aiko a 1919. Wasunsu sun haura shekara ɗari, kuma babba daga cikinsu ƙato biyu ba za su iya ɗaga shi ba. Malam ya tsaya gaban wani ya ce yau dai ya sami wanda zai gaisar da ladabi.

Daga nan jirage suka ɗan matsa da mu gefen tsibirin, inda ruwa yake garau har ana hango ƙasa. Nan ne wurin leƙen ƙarƙashin teku. Kayan aikin guda uku ne. Akwai tabarau mai faɗi da ke rufe ido da hanci. Akwai bututun roba lanƙwasasshe, mutum ya ciji gindinsa, bakinsa na sama kuma yana waje cikin iska, ta nan ake numfashi. Sa'an nan akwai takalmin roba mai fiffike kamar ƙafar agwagwa, na tura ruwa. Ba nutso ake yi ba. Mutum zai kwanta rub da ciki a kan ruwa, fuskarsa a ciki, bayansa a waje, yana numfashi da baki a hankali. An koya mana a tofa yawu a cikin tabarau a goge kana a ɗauraye, don kada ya yi hazo. An kuma koya mana idan ruwa ya shiga bututu a hura da ƙarfi ya fita, kada a haɗiye.

To, jama'a, ku tuna ko mu su wane ne. Mu 'yan Tudun Wada ne, kuma sunan ma ya faɗi gaskiya, domin Zariya tana sama da teku da fiye da mita 600. A cikinmu mu 22, mutum uku kaɗai suka iya iyo, su ma a Kubanni suka koya a ɓoye, suka kuma sha bulala a kai. Saura kuwa kowa ya riƙe bakin jirgi ya ƙanƙame. Malaminmu na kimiyya, mai shekara saba'in da 'yan kai, shi ya fara sauka. Yana kwance a kan ruwa kamar gora ya ɗago kai ya ce, "Wa ya tuna darasin Arkimidis na aji uku?" Ba wanda ya amsa. Sai ya maimaita mana shi a tsakiyar teku. Duk abin da ya shiga ruwa, ruwan yana tura shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da ya ture. Rigar kariya tana da girma amma ba ta da nauyi, saboda haka tana ture ruwa mai yawa, ruwan kuma ya ɗaga ta da wanda ke cikinta. Har ila yau, a kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35, wannan ya sa ya fi ruwan kogi nauyi, ya kuma fi shi ɗaga mutum. Da muka ga tsoho yana karantarwa a kan ruwa bai nutse ba, kunya ta sa muka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ke ƙarƙashin ruwan nan, baki ba zai iya kwatanta shi duka ba. Kifaye ne ƙanana garke-garke, masu zanen baƙi da fari, da masu ruwan ɗorawa, da shuɗi kamar an tsamo su daga marina. Akwai wata halitta baƙa mai dogayen ƙayoyi kamar bushiya, wadda aka gargaɗe mu kada mu taka. Ƙasan kuma duk murjani ne, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, wani kamar ƙwaƙwalwa. Mu dai a wuyan amare muka san murjani, muna ɗaukarsa dutse. Ashe gini ne na waɗansu ƙananan halittu masu rai, waɗanda ke fitar da farar ƙasa daga jikinsu suna zama a kai, ginin yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan cikin shekaru masu yawa. Wuraren murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kimanin rubu'in nau'o'in halittun teku a nan suke samun abinci da mafaka. Mun kuma ga wurare inda ya mutu ya farfashe. Idan ruwa ya yi zafi fiye da yadda ya saba, ko da da digiri ɗaya ne, har na tsawon makonni, murjani yakan yi fari fat, in zafin ya daɗe ya mutu. Haka ya faru a yawancin Tekun Indiya a 1998. Shi ya sa dokar wurin ita ce, a kalla da ido, kada a taɓa, kada a tsaya a kai, kada a ɓallo ko ɗan guntu.

'Yan'uwanmu mata su ma ba a bar su a baya ba. A jirginsu akwai wata budurwa mutuniyar Nungwi, can arewacin tsibirin Unguja, sanye da rigar iyo mai rufe jiki tun daga kai har idon sawu. Ita ta riƙa hannunsu ɗaya bayan ɗaya ta shigar da su ruwa, kowacce cikin suturarta. Da muka fito muna hutawa, wata Hajiya a cikinmu ta ce mata ai ku kam da ruwa aka haife ku. Yarinyar ta ce ba haka ba ne. Ta ce duk da teku ta kewaye su, mutane da yawa a tsibirin ba su iya iyo ba, mata kuwa a da ba a ma yarda su koya. Ta tuna mana hatsarin jirgin ruwan Spice Islander, wanda ya nutse tsakanin Unguja da Pemba a watan Satumba na 2011 saboda lodi fiye da kima, ɗaruruwan mutane suka halaka, da kuma wani jirgin mai suna Skagit da ya kife a watan Yuli na 2012. A shekarun da suka biyo baya wata ƙungiya ta garinsu mai suna Panje Project, da taimakon ƙungiyar ceton rai a teku ta Ingila, RNLI, ta shiga koya wa yara iyo da dabarun tsira. Suka zauna da iyaye da malaman addini, aka samar wa 'yan mata sutura mai rufe jiki, aka horar da mata su koyar da mata. Abin da suke koyon kwanciya a kan ruwa da shi kuwa, jarka ce wadda ba komai a cikinta, irin wadda 'yan garuwa ke turawa a nan unguwarmu.

Bayan mun komo gari mun yi sallar azahar mun ci shinkafa da kifi, sai aka juya zuwa abin da muka fi gwaninta a kai, wato kasuwa. Kasuwar Darajani aka kai mu, wadda aka gina a 1904, tana bakin tsohon gari. Shi wannan tsohon gari, mai lunguna ƙunci da ƙofofin katako masu sassaƙa, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. A teku mu ne baƙi, amma a kasuwa sai muka ji kamar muna gida, har kunnenmu yana tsintar kalmomi. Su ce habari, mu ce labari. Su ce sabuni, mu ce sabulu. Su ce hasara, mu ma hasara. Kanumfari su ce masa karafuu, duk kuma daga Larabci muka aro tare da su. Kalma guda ce ta so ta haɗa faɗa. Ma'ajinmu ya yi wa wani mai shago addu'ar Allah ya ba da riba, sai mutumin ya ɓata rai, domin a Suwahili riba kuɗin ruwa ce, abin da muke kira riba kuwa su faida suke ce masa. Jagora ya warware, aka tafa.

Ciniki kuwa irin namu ne, a yi tayi, a ce albarka, a juya baya, a kira ka. A nan Alhajin nan mai babbar riga ya fanshe mutuncinsa, domin duk wanda ya bi bayansa ya sami sauƙi. Mun sayi kanumfari, da kirfa, da citta, da masoro, da gyaɗar ƙamshi. A ƙarni na 19 Zanzibar ce kan gaba a duniya wajen kanumfari, yawancinsa kuma daga Pemba yake fitowa, ko da yake yanzu Indonesiya ta yi mata nisa wajen nomansa. Mata sun sayi zane da ake kira kanga, wanda ake sayarwa bibbiyu, kowanne da karin magana a rubuce a gefensa, saboda haka sai an fassara maka kafin ka saya, kada ka kai wa uwargida habaici. Maza sun sayi hulunan kofia masu aikin allura. Abu biyu na lura da su. Na ɗaya, ba a zuba maka kaya a leda, domin Tanzaniya ta hana amfani da ita tun watan Yuni na 2019, Zanzibar ma ta riga ta. Na biyu, jagora ya hana mu sayen ƙwaryar halittun teku da guntayen murjani da wasu ke tallatawa, ya ce kowane guntu daga wurin da muka leƙa da safe aka ɓallo shi, kuma za a iya ƙwace shi a filin jirgi.

Da magariba muka zauna a dandalin Forodhani a bakin teku, inda ake gasa kifi ana matse rake, samari kuma suna tsalle daga kan katanga suna faɗawa ruwa. Ma'aji, da yake ɗan lissafi ne, ya zagaya ya tambayi kowa abin da ya kashe a kasuwa, ya haɗa jimla ya faɗa. Kowa ya yi shiru, domin kuɗin ba kaɗan ba ne. A nan ne malaminmu na kimiyya ya yi mana tambayar da ta haifar da wannan jawabi. Ya ce, "Kun sayi tsarabar 'ya'ya da jikoki, madalla. To, a cikin waɗanda za ku kai wa tsarabar, mutum nawa ne za su iya fitar da kansu idan sun faɗa ruwa?" Ba wanda ya iya ƙirga biyar.

Iyayena da 'yan'uwana, wannan tambaya ba ta Zanzibar ba ce, tamu ce. A ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin ruwa ɗauke da fiye da mutum 150 ya nutse a Kogin Kwara a kan hanyarsa ta zuwa Warra ta Jihar Kebbi, waɗanda suka tsira ba su da yawa. A ranar 30 ga Nuwamba na wannan shekara, kwale-kwale ya kife a madatsar ruwan Watari, tsakanin Badau da Bagwai ta Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. A watan Yuni na 2023 fiye da mutum 100 masu dawowa daga biki suka halaka a yankin Patigi ta Jihar Kwara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a duniya, fiye da kashi 90 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, kuma yara da matasa suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, tana da dokokin da suka hana lodi fiye da kima da tafiyar dare, suka kuma wajabta rigar kariya. Abin da muke nema shi ne irin saurayin nan da zai naɗe hannu ya ƙi tayar da inji, da kuma fasinjan da zai yarda ya saurare shi.

Kada kuma wani ya ce ai mu a Zariya ba mu shiga jirgin ruwa. Kubanni tana nan tsakaninmu da Sabon Gari, Galma tana nan, ga madatsun ruwa, ga kududdufan da aka haƙa don ginin ƙasa, waɗanda ke cika maƙil kowace damina a tsakiyar unguwanni. Da wuya a sami wani a zauren nan wanda bai taɓa zuwa ta'aziyyar yaron da ruwa ya ci ba. Maganin da muka gada shi ne bulala da labarin 'yan ruwa. Mu an yi mana, mu ma mun yi wa namu. Amma duk wanda ya yi ƙuruciya a garin nan ya san bulala ba ta hana yaro zuwa rafi, ɓoyewa kurum take koya masa, sai ya tafi inda ba babba kusa. Ilimin ruwa kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ku dubi Sarkawa, ku dubi bikin kamun kifi na Argungu da aka fara a 1934, inda masunta ke kwanciya a kan gora a Matan Fada, ana kuma gasar ninƙaya da nutso. Goran nan da rigar kariya da jarka duk darasi guda ne, shi ne wanda Malam ya maimaita mana a teku. Rai a hannun Allah yake, babu shakka, amma iyayenmu ne dai suka ce rigakafi ya fi magani.

Tun da ɗalibai suna nan, bari in bar musu abu huɗu tun yau. Na farko, wanda ruwa ke ci ba kasafai yake ihu ba, numfashi yake nema, saboda haka idan ka ga abokinka a tsaye cikin ruwa bakinsa yana nutsewa yana ɓullowa, ba wasa yake yi ba. Na biyu, idan ba a koya maka ceto ba, kada ka faɗa ruwa don fitar da wani, zai ƙanƙame ka ku tafi tare. Ka yi kururuwa, ka kwanta a gaɓa ka miƙa masa sanda ko igiya ko zane, ko ka jefa masa jarka rufaffiya. Jarka mai cin lita 20 tana iya ɗaga nauyin kusan kilo 20 a cikin ruwa, wannan kuwa ya isa ya riƙe kan babban mutum a sama. Na uku, idan kai ne ka faɗa, ka juya rigingine, ka buɗe hannuwa da ƙafafu, ka yi numfashi a hankali. Na huɗu, idan an fito da mutum ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci wajen juya shi a kife ko matse masa ciki. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska a baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa, a kuma nemi asibiti nan take, domin ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa bayan 'yan mintoci ba iska.

Bisa ga haka, a madadin mu 22, ina gabatar da shawarwari uku. Na ɗaya, ƙungiya ta kafa ƙaramin kwamiti da zai zauna da Shugaban makaranta da iyayen yara, ya nemo wurin iyo mai tsabta a garin nan da ƙwararrun masu koyarwa, a fara da 'yan aji ɗaya, maza daban, mata daban da malama mace da sutura mai rufe jiki. Ba a kududdufi ko madatsa za a yi ba, saboda tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan da ƙananan katantanwa ke zaune a ciki. Na biyu, a gayyato ƙungiyar agaji ta Red Cross ta koya wa malamai da shugabannin ɗalibai taimakon gaggawa, a kuma riƙa yin lacca kowace shekara a ranar 25 ga Yuli, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 2021 don yaƙi da mutuwa a ruwa, wadda ta zo daidai da tsakiyar daminarmu. Na uku, batun kuɗi. Mu da muka yi tafiyar mun amince tun a Forodhani cewa kowannenmu zai ba da ushirin abin da ya kashe a kan tsaraba, kuma kuɗin suna hannun Ma'aji. Muna roƙon a mayar da wannan ya zama ƙa'ida ga duk tafiyar da ƙungiya za ta sake shiryawa, a sayi rigunan kariya da igiyoyi, a biya masu koyarwa.

Na san wani zai ce rufin azuzuwa yana yoyo, ɗakin kimiyya ba kayan aiki, ina mu ina koyon iyo? Gaskiya ne, kuma ba mu ce a taɓa ko kwabo daga asusun gyaran gine-gine ba. Ushirin tsaraba muka ce, kuɗin da dā zai tafi a kan zane na biyar da hula ta uku. Yaron da muke gyara wa aji muna so ya daɗe ya ci moriyar karatun, kuma abin da ya koya a ruwa zai koma da shi gida ga ƙannensa.

Daga ƙarshe ina miƙa godiya ga kwamitin tafiya, da Ma'aji wanda ya riƙe amanar adashi, da malamanmu biyu waɗanda har a tsakiyar teku ba su ajiye alli ba. Allah ya ƙara musu lafiya da nisan kwana, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga malamai da ɗalibai Allah ya jiƙansu. Akwai ƙullin kanumfari a bakin ƙofa, kowa ya ɗauki ɗaya idan an tashi, kusa da shi kuma akwai takardar sa suna ga masu son shiga kwamitin.  Allah ya bar zumunci, ya mai da kowa gidansa lafiya.